Amsa ga Malam mai shirin kai iyali Yamai da motarsa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Malam, na ga tambayarka tun jiya, ka ce za ka kai uwargida da yara Yamai da motarka a wannan bakansi, kana neman wuraren da za ku riƙa tsayawa yara su sha iska su ga ƙasarsu, kana tambaya ko yini ɗaya ya isa, sannan ka ce wani ya ba ka shawara ka ɗauki direba ku riƙa canjin hannu. Wallahi ina zuwa kan maganar direban nan sai da gabana ya faɗi, don ni ta nan aka cuce ni, kuma niyyata a lokacin irin taka ce sak, yara su ga Nijar da idonsu ba a littafin lakkal kaɗai ba.

Yini ɗaya kam kada ma ka sa shi a lissafi. Daga nan Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kar-kar na kamfani, wato manyan motocin fasinja, suna yin ta a yini guda amma su tun kafin asuba suke tashi kuma ba ruwansu da ganin komai. Kai da ke son tsayawa ka raba ta biyu, ku kwana Konni, in kuwa kana da hali ka raba uku, Maraɗi da Dosso. Kuma ko me ake ciki magariba ta same ku cikin gari.

Nawa direban wani ɗan uwa ne ya haɗa mu, ya ce yaron kirki ne ya san hanya. Tun a gida na zaunar da shi na ce ba sauri muke ba, ga inda za mu tsaya ga inda za mu kwana, ya ce to Alhaji ba komai. Muna wuce Takeita ya fara canza fuska. Na ce a Maijirgi za mu ɗan tsaya yara su ga kaburburan turawan nan biyu, Bule da abokinsa, waɗanda suka ƙone garuruwan Hausa a 1899 har sojojinsu suka juya musu suka kashe su nan kusa, babban ɗana an koya musu a lakkal yana ta ɗokin gani, sai mutumin nan ya taka mota ya wuce, da na yi magana wai bai ga kwanar ba. A Maraɗi na ce mu shiga Madarunfa, ya ce hanya ta lalace wani abokinsa ya faɗa mishi jiya, daga baya na tambaya ashe ƙarya ce tsagwaronta. Wayarsa kuwa ba ta huta ba, kowane lokaci "muna hanya, yau za mu shigo in sha Allah", ni ina jinsa ina tsammanin da iyalinsa yake. Ashe saƙonni ya karɓo na mutane, ya cusa su can ƙarƙashin kayanmu a bayan mota da dare, an biya shi a kan zai kai su Yamai a ranar. Motata, man da na saya, yarana a ciki, amma mu ya ɗauke mu kamar buhunan gero da aka ba shi ya sauke.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na Konni. Mun iso da la'asar, na ce a nan za mu kwana kamar yadda aka yi, na ba shi kuɗi ya je stasiyo ya cika tanki mu kuma mu yi sallah mu ci abinci. Ya dawo ya yi ta magiya, Alhaji rana da saura, Dogon Dutsi ba nisa, can masauki ya fi kyau, mota lafiyarta ƙalau, har ya rantse mini. Bai je stasiyo ba Malam. Ruwa-ruwa ya saya a bakin hanya, na kwalba, ya soke ragowar kuɗin a aljihu. Muna cikin daji tsakanin Konni da Dogon Dutsi mota ta fara tari tana fizga, ta yi ta yi, ta mutu. Duhu ya riga ya shiga, ba rezo, ba gari kusa da ido zai gani, manyan kamyo suna wucewa da gudu iskarsu tana girgiza motar da yara a ciki. Ƙaramar ɗiyata ta fara kuka jikinta ya yi zafi, uwarta ta rungume ta tana ta karanta duk addu'ar da ta sani, ni ina riƙe da tocilar waya a kan inji ban san ma me nake dubawa ba. Shi kuwa ka san abin da ya yi? Ya hau wani tudu yana ɗaga waya sama yana neman rezo, na ɗauka makaniki zai kira mana, da ya samu sai na ji yana ba masu saƙo haƙuri. Ko kallon yarinyar bai yi ba. Har yau in na tuna tsayuwarsa a kan tudun nan raina ɓaci yake, kuma ɗan uwan da ya haɗa mu da na faɗa mishi cewa ya yi in yi haƙuri yaro ne. Yaro mai mata da ƴaƴa! Ni ban ce a kama shi ba, ban ce ya biya ni ba, amma ko "Alhaji ka yafe mini" ban ji daga bakinsa ba har muka rabu.

Allah ya saka wa wani dattijo mai amalanke da alheri, shi ya gan mu ya koma ƙauyensu ya zo da samari suka tura motar gefe, matarsa ta ɗauki uwargida da yara ta shimfiɗa musu tabarma ta ɗaura musu sange, ta dama fura cikin dare. Da safe wani yaro makaniki ya zo a kan moto, ya zuƙo man ya zuba a gorar roba ya ɗaga mini a rana, ya ce Alhaji duba, sai ga ruwa kwance a ƙasa kaurin yatsa biyu, man yana sama, ga wani baƙin datti yana yawo. Sai da ya sauke tanki ya wanke ya canza filtar. Don haka in dole sai ka ɗauki direba, kuɗin mai kada ya bar hannunka, kai za ka tsaya a stasiyo ka ga lita tana hawa, ka buɗe bayan mota da kanka da safen tafiya, kuma makulli ya kwana a aljihunka. In kuwa idonka da bayanka lafiya, ka raba tafiyar ka tuƙa abinka.

To wuraren tsayawa. Daga baya na sake bin hanyar ni da iyali ba kowa, shi ne na ga abin da aka hana mu. Ku tashi bayan sallar asuba, Tasawa ku karya, ku sayi kilishi a can na hanya, yara ba sa gajiya da shi kuma ba ya lalacewa. Ku riƙe alkaki daga gida don tsarabar mutanen Yamai, shi suke fara tambaya in sun ga ɗan Damagaram. Maraɗi wajen kilomita 235 ce daga nan, da hantsi kun isa, to Madarunfa tana kudu da ita ba nisa, tafiyar ƙasa da awa guda. Ni a duk hanyar nan ba inda yarana suka ji daɗi irin bakin tafkin nan. Ruwa shimfiɗe, manyan itatuwa, tsuntsaye, masunta suna fitowa da kifi, ka shimfiɗa tabarma a inuwa a soya muku kifi ku ci a nan. Mutanen wurin suna cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da tafkin, za ka samu dattijon da zai zagaya da ku ya ba yara labari, ka ba shi na goro. Amma don Allah kada yaro ya shiga ruwa, kwancen ruwa ne, tsargiya ba wasa ba ce, kuma in za a hau jirgi to a hau tare da babba.

Na manta ban ce ba, takardun mota ka haɗa su cikin leda ɗaya, permi, kart giriz, asuransi, katin ɗan ƙasa naka da na uwargida da takardun haihuwar yara, ka ajiye canji na peyaji a kusa kuma tikitin kada ka yar, ana tambayarsa a gaba. Taya ta sakur ka duba iskarta, ba ka duba tana nan kawai ba. Bido biyu na ruwa, ɗaya na sha ɗaya na mota da alwala. Maganin zazzaɓi na yara da sange, tunda damina ce.

Bayan Gidan Rumji sai Madawa, masu tabarmi, sai Galmi. A Galmi ka tsaya ko minti goma ne yara su ga rumbunan albasa da tulin buhuna a bakin hanya, su san wannan jar albasar da ake kai wa har Abijan da Akra daga ƙasarsu take fita. Amma saye ka bari sai a dawowa, in ba haka ba warinta zai cika muku mota har Yamai. Malbaza za su hango masana'antar siminti daga cikin mota, Tsarnawa nan hanyar Tawa ta rabu, sai Konni ku kwana. Ku yi kasaru ku haɗa sallolinku, Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi, ba sai kuna tsayawa a daji ba.

Dogon Dutsi da safe ake shigarta, shi ya sa nake ta nacin kwanan Konni. Duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai in rana ta fito ta buge su ja suke yi, ga damina ƙasa ta yi kore a gindinsu, mu da muka saba da duwatsun unguwar Birni ta Damagaram masu santsi sai ka ga wani iri ne dabam. Ku hau kaɗan ta gefen gari, yara da takalmi rufaffe saboda ƙaya da kunama, a ɗauki hoto a sauko kafin rana ta yi zafi. Yaranka za su ce a kai su Lugu garin Sarauniya Mangu da ta tari turawan nan a 1899, nawa ma sun ce, ka ba su labarin a mota kawai, wurin yana can ciki nesa da gudro kuma yanzu ba lokacin barin babbar hanya ba ne a wannan yanki. Wannan da gaske nake. Daga Dutsi har Yamai a kowane bariyar jandarma ka gaishe su ka tambayi labarin gaba, su suka san na ranar, abin da wani ya gani wata uku da suka wuce ba ya aiki.

Dosso akwai fadar Zarmakoy, in ka nemi izini a ƙofa yara za su ga zanen bangon, daga nan kuma Hausa ta fara ƙaranci, koya musu "fofo", gaisuwar Zabarmawa, tun a mota, mutane suna jin daɗi in yaro ya gaishe su da harshensu. Birnin Gaure hanya tana gangarawa cikin kwarin da ake kira Dallol Boso, wuri mai lambuna da sanyi.

Sai Kure, wajen kilomita 60 kafin Yamai, inda raƙuman dawa suke. Raƙuman dawan nan su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma, a 1996 ba su fi 50 ba, aka tsare su har suka haura 600, a 2018 ma an kwashi wasu an kai Gadabeji. Da damina suna hawowa tudun Kure kusa da hanya, da rani suke gangarawa dallol, don haka lokacin da ka zaɓa ya yi daidai, mu a bakin gudro muka gan su suna cin ganyen ƙaya, ɗiyar nan tawa da ta yi zazzaɓi a daji ita ta fara hango su tana ihu tana dukan gilas. Sai dai kowa ya san abin da ya faru a can a watan Agusta 2020, aka kashe mutum 8, Faransawa 6 da ƴan ƙasa 2, har da shugaban masu rakiya na wurin, Allah ya jiƙan namu. To kada ka kutsa daji da motarka don ka ga wani ya sa hoto a Facebook. Ka tambaya tun daga Dosso ko an yarda a shiga, in an yarda ka ɗauki gid, wato mai rakiya, na wurin, in an ce a'a ka rage gudu kawai yara su zuba ido ta taga, da rabo za su gani.

A Yamai kuwa ka ware yini guda cur don gidan tarihi na Bubu Hama, yana nan tun 1959, ga zakuna da kuraye da dorina, ga ƙasusuwan manyan dabbobin da can da aka tono a yankin Agadas, ga itacen nan da ya tsaya shi kaɗai cikin hamadar Tenere har mota ta kaɓe shi a 1973 an ajiye shi a can. Ku je da sassafe kafin dabbobi su shige inuwa. Da yamma ku bi ta gadar Kennedy su ga kogin Isa, yaron da ya tashi a Damagaram yana ganin ana bin layin famfo da bido, ranar da ya fara ganin ruwa mai wannan faɗi ba ya mantawa. Motarka ka ajiye ta a masauki ku shiga taksi, tuƙin Yamai da lambar Damagaram wahala ce kawai.

A dawowa kada ka maimaita wuraren, abin da kuka tsallake shi za ku tsaya, kuma ka bar wuri a bayan mota don albasa da tabarmi. In ka tsai da ranar tashi ka faɗa a nan, akwai ƴan uwa a Maraɗi da Konni cikinmu, gara a san kuna hanya a riƙa kiranku har ku sauka. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida uwargida da yara.