Ibuprofen ga mai ciki da mai shayarwa

Tambaya: Maiɗakina na da cikin wata bakwai, ciwon baya ya hana ta barci. Na sayo mata ibuprofen wajen mai tallar magani a bakin tasha, sai ƙanwata ta ce kada ta sha. To ita ƙanwar tawa, shi aka rubuta mata bayan ta haihu, tana shayarwa. Wanne zan kama? Daga wani magidanci a Tawa.

Amsa: Malam, ƙanwarka ba ta yi tufka da warwara ba. Ƙwayar ɗaya ce, hanyar da take bi zuwa ga yaro ce ta bambanta.

Mai ciki in ta sha magani, yana shiga jininta, mabiyiya kuma ba katanga ba ce, yawancin magunguna na ratsa ta. Ibuprofen da ɗan'uwansa diclofenac suna taɓa ƙodar ɗan tayi. To ruwan da yake kwance a ciki, mafi yawansa fitsarinsa ne. Ƙoda ta yi sanyi, ruwa ya ja baya. Akwai kuma wata jijiya kusa da zuciyarsa da ba a so ta rufe sai bayan haihuwa, wannan magani na iya rufe ta tun yana ciki. Shi ya sa daga shiga wata na 6 an hana shi, ko da ƙwaya guda. Nono kuwa ɗan kaɗan ƙwarai yake ɗauka, don haka aka bai wa ƙanwarka.

Ka je farmasi ka sayi paracetamol. Ta sha 500 mg zuwa 1 g, tsakani awa 6, kada ta wuce 3 g cikin awa 24. Amma ka juya bayan kwalin ka karanta, ko ka sa a karanta maka, domin akwai masu haɗa paracetamol da ibuprofen a ƙwaya guda. Na mai talla kuwa, ko na ƙwarai ne, ka tuna ya yini cikin tire a zafin ranar Afrilu ta Tawa. Arha ba ta ado.

In ciwon na zuwa yana lafawa, ko da zazzaɓi, ko zafin fitsari, bar maganar saye, ku tafi wajen ungozoma yau.

Tambaya: Ina shayar da ɗan wata biyu, haƙori ya dame ni. Maƙwabciyata ta miƙo mini tramol. In sha? Daga wata uwa a Yantala, Yamai.

Amsa: Maman jariri, mayar mata da abinta. Tramol da codeine suna bin nono, suna iya sa jariri barci mai nauyi, ya kasa kama mama, numfashinsa ya yi ƙasa. Paracetamol ko ibuprofen sun ishe ki kafin ki ga likitan haƙori. Kuma kina zama a kujerarsa ki ce masa kina shayarwa, kada ki jira sai ya tambaya.