Me ya sa zaren rana yake fita baƙi da faɗi a hoton rediyo?

Malam, ka tambayi dalilin da zaren da ke fuskar rana yake fitowa da duhu, kuma da faɗi, a hoton rediyo, wato hoton da ake haɗawa daga siginar rediyo da rana take fitarwa. Zaren nan gas ne mai kauri da maganaɗisu ya rataye. Zafinsa wajen digiri 8,000 ne, kewayensa kuwa ya haura miliyan 1, shi ya sa yake fita da duhu. Faɗin daga kogon da ya zagaye shi ne, inda gas ya yi ƙaranci, sai siginar ta ragu. Na'urar ɗaukar hoton rediyo ta Nançay a Faransa tana nuna wannan sosai. Kada ka ɗauka duk duhun zaren ne, nan mutane suke kuskure. Gwada hoton rediyon da hoton H-alfa (wanda ake ɗauka da jan hasken gas ɗin haidurojin) na yinin da aka ɗauke shi, lissafin gas ɗin kogon kuwa sai masanin rana. Don Allah kada ka leƙa rana da madubin hangen nesa babu matatar haske.