Amsa daga Zangon Kumasi: Aikina da Hausancinmu

Yaya, saƙonka ya iso. Ka tambaye ni wane irin aiki nake yi da kullum ina wurin taro, ga shi ba ni da shago kuma gwamnati ba ta biyana. Sannan cikin raha ka jefo ainihin abin da ke ranka, wai ko mu na Kumasi har yanzu Hausawa ne.

Aikina nema wa mutane takarda ne. Yaro an haife shi a unguwar Aboabo ko Asawase a nan Kumasi, ubansa ma nan aka yanke masa cibi, ya je neman katin ɗan ƙasa, wanda nan ake kira Ghana Card. Da an ji sunansa Musa ko Habibu sai a ce ya faɗi garin da kakansa ya fito, alhali na bayansa a layi mai suna Kwame ba a tsayar da shi. Katin kuwa yanzu shi ne komai, in ba ka da shi banki ba ya sauraronka, layin wayarka ma rufewa ake yi. Tsarin mulkin 1992 ya ce mutum ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba. A 2020 kuma Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. To ka ga inda gizo ke saƙar. Tsohuwar da ungozoma ta karɓi haihuwarta a ɗaki, sunanta bai taɓa shiga littafin hukuma ba, da ita jikanta zai kafa hujja. Mu ne muke zama da ita mu bi dangi ɗaya bayan ɗaya har mu samo wanda zai yi rantsuwa a kanta, mu raka ta ofis. Idan ƙorafi iri ɗaya ya taru, sai mu rubuta wa ɗan majalisar mazaɓa, mu shiga rediyo, mu tara limamai da sarakunan ƙabilu su yi magana da murya ɗaya.

Akwai kuma baƙi na gaske, samarin Zabarmawa da mutanen Burkina da rikicin Sahel ya koro. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin kwana 90 ba biza, amma yawancinsu ba su san akwai wa'adi ba sai ranar da aka kama su. Tun da Nijar da Mali da Burkina suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tambayoyin da ake kawo mana sun ƙaru.

Ka ce wannan aikin 'yan boko ne da Turawa suka koya mana. Ni dai a gidanmu na gan shi. Kakanmu da ya baro unguwar Agalawa da jakunansa ya nufi ƙasar Gwanja a arewacin Gana fataucin goro, a garin Salaga ya fara sauka, kuma ba a kan titi ya kwana ba. Mai masauki ne ya karɓe shi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a gaban sarkin gari. Da yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu Kete Krachi da Yeji da Kumasi da Accra, ko'ina suka sauka sai an sami mai tsaya wa baƙo. Har gobe Sarkin Zangon Kumasi yana kai maganar mutanensa fadar Asantehene, sarkin Asante. Abin da na ƙara a kan nasu shi ne karatun doka da wayar salula.

Maganarka da ta fi sosa min rai ita ce "in sun matsa muku ku dawo gida mana." An taɓa gwadawa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Ministan Gana Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Baba yana saurayi lokacin. Ya ce mutane suka riƙa sayar da gida da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na mota ba, aka cika manyan motoci da mata da yara, da yawansu ba su taɓa ganin Najeriya ba. Baffanmu yana cikin waɗanda suka tafi. A Kano aka karɓe shi da mutunci, ba na musun wannan, amma har ya dawo ba a daina ce masa ɗan Gana ba, kuma gonar da ake cewa ta kakansa ce ya tarar an daɗe da rabe ta. A 1983 kuwa gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, wasu 'ya'yan zango da suka je Legas neman kuɗi suka dawo cikin ayarin, da jakar nan da ku kuka raɗa wa suna "Ghana Must Go". Shi ya sa nan nake son a ba yaranmu takarda, inda kaburburan iyayensu suke.

Sai batun aure, wanda na san Inna ce ta sa ka tambaya. E, uwar 'ya'yana Ba'asantiya ce. Ta musulunta kafin mu haɗu, mahaifiyarta kuma har yau tana zuwa cocin Methodist, ranar Sallah ita ke fara aiko da doya. Su Asante ta wajen uwa suke lissafin dangi, mu ta wajen uba, don haka yarana kowane ɓangare nasu ne, ba wanda ya bar wa wani. Inda nake da ƙorafi a kan mutanenmu shi ne rajistar aure. Akwai dokar auren Musulmi tun 1907 da ta ce a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, amma mu an raba goro an shafa Fatiha shi ke nan. Sai miji ya rasu, danginsa su taso, matar ta tarar ba ta da abin nunawa a kotu. Zawarawa irin waɗannan sun fi masu neman kati sa ni rashin barci.

Na tuna yadda kuka yi ta surutu a 2019 da Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika a Accra lokacin Ista, yana cika shekara 100. A wurinku abin mamaki ne. Mu da ba mu kai kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar ba mun san abin da ziyarar ta saya mana, don washegari da maƙwabcin nan Kirista za ka tsaya a layin asibiti.

Hausarmu kuwa ku yi ta dariya, mun saba. Ta sha Twi, yaren Asante, ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba. Amma da ita Bamoshe da Bazabarme da Bawangare da Bagwanje suke ciniki da aure da faɗa a kowane zango, daga Nima ta Accra har Tamale. Wannan ma yana jawo mana aiki, don mutumin kudu yakan haɗa kowa ya ce Bahaushe ne, har Badagombe da kakanninsa suka kafa sarauta a Yendi tun kafin a san sunan Gana sai a tambaye shi asalinsa. A 2017 aka kafa asusun raya zango da ma'aikatar gwamnati guda, ma'aikatar ba ta wuce 2021 ba. Filin ƙwallo mun gani, magudanar ruwa muna jira.

Bikin Rabi yana nan bayan Babbar Sallah. In za ka biyo ta mota, daga Legas sai Seme sai Aflao, ka riƙo fasfo da katin rigakafin shawara, don ana tambaya a iyaka. Ka taho mana da daddawa da kilishi, na nan ba su kai ba. A gaida Inna da yara.