TAMBAYI BAKANIKE: Silo ras, amma da an ja totur sai mashin ya shaƙe

TAMBAYA: Salamu alaikum Oga, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da wani tsohon Suzuki GN125, na babanmu ne Allah ya jiƙansa, shi na gada kuma banason rabuwa dashi duk da abokai na ta min tsiya wai kayan tarihi nake hawa. Kusan wata biyu kenan, da safe yana tashi ba gardama, silo ras (wato in yana aiki a tsaye ba a ja totur ba), amma da na hau titi na saka giya uku na ja totur sai yayi wani buuu kamar an toshe masa hanci, baya wuce 50 sai in gangara na samu. An wanke kafireto sau uku, an canja fulogi, har wani yace ringi ne a sauke inji. Daga baya wani yaro a garejin ya buɗe murfin saman kafireton ya nuna min wata baƙar roba kamar ƴar hula ta ɗan tsage a gefe, ya ɗiga mata sufa gulu, kwana biyu mashin yayi lafiya sannan ya koma gidan jiya. Yanzu ogan yaron yace a jefar da kafireton kawai a saka irin na mashin Honda CG. Wai ana gyara robar nan ne ko in haƙura?
Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Da farko kar ka bari kowa ya sauke maka inji, na biyu ka saya wa yaron nan lemo, don duk garejin shi kaɗai ya taɓa inda ciwon yake, maganin ne dai ya kuskure.

Kafireton da yawancin makanikanmu suka tashi dashi a hannu shine irin na CG125 da AX100, wanda wayar totur ita ke jan fistin ɗin kafireton sama kai tsaye, allurar dake tare hanyar mai ta biyo shi, mai ya ƙaru, shikenan. Naka ba haka yake ba. GN125 Mikuni BS26 yake zuwa dashi, 26 ɗin faɗin maƙogwaronsa ne a milimita, kuma a irinsa waya bata taɓa fistin ko kaɗan, wani ɗan faifai take juyawa ta ɓangaren inji. In ka buɗe faifan inji ya zuƙi iska, iskar dake gudu ta ƙarƙashin fistin sai ta riƙa zuƙe wadda ke saman robar ta wani ɗan rami dake gindin fistin ɗin, a ƙasan robar kuma iskar waje ce, to ita ke tura robar sama, robar ta ɗaga fistin da allura. Kaga kenan duk ƙarfin mashin ɗinka daga kwatan totur zuwa sama a wuyan wannan ƴar hular yake, wadda masu kayan gyara ke cewa dayafuram. In ta huje ta zama zugazugin maƙerin da ɓera ya ci, kana ta bugawa wuta bata tashi. Shi kuwa silo hanyarsa daban, jet ɗinsa, wato ɗan ramin da mai ke bi, shi ma daban, babu ruwansa da fistin ya ɗaga ko bai ɗaga ba, shi yasa yake maka ras da safe ya yaudare ka, shi yasa kuma ko sau goma za a wanke ba abinda zai canja. Ba GN kaɗai ba, manyan mashina irin DR650 da KLR650 da tsofaffin XS650 duk wannan tsarin ne.

Akwai gwajin da zaka yi da kanka ba sai ka kwance komai ba banda robar da ta haɗa kafireto da akwatin iya kilina, wato matatar iska. Mashin a kashe, ka zura yatsa ka ɗaga fistin sama, zaka ji ƴar ƙarar iska fuu, a saman bakin kafireton akwai wani rami mai ɗan tsawo kamar ƙwayar wake, ka toshe shi da babban yatsa sannan ka saki fistin. In robar lafiya take, a hankali zai riƙa saukowa kamar mai jin kunya, in kuwa ya faɗo tak lokaci ɗaya to iska na shiga ta wani wuri, ko dai huji ko kuma bakin robar bai zauna a gurbinsa ba.

Wajen buɗe murfin a bi a hankali, kusoshin nan huɗu masu kan kuros na Japan ne, ramin kansu ya ɗan bambanta da sukudireban kasuwa, in aka murɗa da gaggawa kan ya cinye sai an koma ga filaya da zagi. A danna sosai kafin a juya. Kuma ka dafe murfin da hannu don akwai dogon sifirin a ƙarƙashi, na sha ganin ana rarrafe a ƙasan gareji ana nemansa. In ka zaro fistin, ka ɗaga robar saitin rana ko ka haska tocilar waya ta bayanta kana ɗan miƙa ta kaɗan kaɗan kana zagayawa, musamman wajen lanƙwasar da take naɗewa da kuma inda ta kama fistin, hujin da bai kai kan allura ba ma ya isa ya hana ka hawa tudu da buhun masara.

Yanzu maganar faci. Sufa gulu in ya bushe gilas yake zama, ita kuma robar nan aikinta kenan naɗewa da warwarewa duk sanda hannunka ya motsa, to sai gefen gam ɗin ya zame mata wuƙa, tsagar da ta fara kamar ƙwayar shinkafa ta koma kamar farce. Inaga in ka duba taka yanzu zaka ga ta fi da girma. Sholishon masu faci shi ma tururin fetur narkar dashi yake, gam ɗin gasket na silikon kuwa kumbura yake ya saɓule, wataran ma ya gangara ya toshe maka jet. Abinda na taɓa gani ya ɗan riƙe shine a yanko ɗan ƙyalle daga safar hannu ta asibiti irin shuɗiyar nan ta nitiril, ba farar ba, a goge wurin ya bushe sarai, a shafa gam mai laushi wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure fetur, shafawa sirit kamar ana shafa man leɓe, a manna, a bar shi ya kwana. Wannan zai iya kai ka gida, zai iya kai ka ranar albashi, amma ni ba zan kira shi gyara ba, don duk faci yana ƙara wa robar tauri da nauyi ta gefe guda, fistin ya riƙa tashi a karkace.

Gyaran gaskiya canji ne, kuma hanya biyu ce. Kamfani haɗe yake sayar da fistin da robarsa, in ka samu wannan, sabo ko na Beljiyam mai kyau, allurarka kawai zaka mayar ciki. Ka lura da yadda ƴan washa da kilif ɗin allurar suke jere kafin ka cire, ɗauki hoto da waya ba abin kunya bane. Hanya ta biyu robar kaɗai ake sayarwa, sai a yanke zoben da ya danne tsohuwar a hankali kar a ji wa fistin ciwo, a goge gurbin, a miƙa sabuwar ta shiga. Anan ne mutane ke faɗawa rami, don a bakin robar akwai wani ɗan kunne da yake zama a gurbinsa a jikin kafireto, shi ke sa fistin ya kalli inda ya kamata, to kafin ka yanke tsohuwar kayi wa fistin alama daidai saitin kunnen, in ba haka ba ramin gindin ya juya wani gefen kazo kana cewa an sayar maka da jabu. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a aljihu, ko Fagge ne ko Panteka ko saƙo zaka bayar a taho maka da ita daga Nnewi, a gwada faɗin waje da na ciki, don akwai na sikuta masu kama da ita sak a ido amma ba ɗaya bane. Ka kuma taɓa ta, in kauri gareta kamar tiyub ɗin keke ka ajiye musu kayansu.

Shawarar ogan gareji ta saka na CG, eh mashin zai tashi zai kuma yi tafiya, ban ce ƙarya yayi ba. Amma bakin da yake kama inji ba iri ɗaya bane sai anyi dabara, wayar totur sai an canja, jet ɗin ba na injinka bane sai anyi ta lalube, kuma wannan laushin da GN yake dashi in ka ja totur, wanda shine daɗin mashin ɗin, ya tafi. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023 kuma ba wanda ke son kafireton da ake saitawa da ka. Ni dai Mikuni na asali da ya shekara talatin yafi min sabon da ba suna a jikinsa, ko ka canja ɗin kar ka bar musu tsohon a gareji. Sannan ka duba soson iya kilina, don ta ramin nan mai kama da wake ƙurar hunturu ke shiga har ƙarƙashin robar in soson ya yage.

TAMBAYA: Oga ni robar tawa bata huje ba, na cire ne na wanke da feshin wanke kafireto, yanzu ta yi faɗi ta ƙi komawa gurbinta, ina tura nan tana fitowa can.
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Feshin ne ya kumbura ta, ba a fesa wa roba shi, ko a fetur ba a jiƙa ta, tsumma mai laushi ya isa. Ajiye ta a inuwa ta sha iska, wani lokaci awa biyu wani lokaci sai ta kwana, yawanci tana komawa. Kar ka shanya ta kan kwano a rana. Wajen mayarwa ka ɗan shafa giris sirit a gurbin ya riƙe bakin, ka tura yatsa ta bakin kafireto ka tokare fistin a sama yadda robar zata kifu kamar lema, kunne a gurbinsa, sifirin a tsakiya, ka dafe murfi ka ɗaura kusoshi kafin ka saki. Murfi in ya cije bakin robar, sabuwa ma huji ce. Wadda ta tsuke kuma don daɗewa a ajiye, ruwan ɗumi ake saka ta, ba tafasasshe ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, DR650 gareni, famfon mai nasa ba OFF sai ON da RES (na ajiya) da PRI (mai sakin mai kai tsaye). Kwanan nan fulogi na yin baƙi, bututun salansa na warin ɗanyen mai, an ce dayafuram ne amma na duba na kafireto lafiya lau.
Mai karatu daga Agadas

AMSA: Akwai wata ƙaramar dayafuram a bayan famfon man, ita ma zuƙar inji ce ke buɗe ta ta wata siririyar tiyo da ta taho daga wajen kafireto. In ta huje fetur sai ya bi tiyon nan ya zarce cikin inji ba tare da ya bi ta jet ba. Zare tiyon ka duba, ya kamata a bushe yake, in ka ga jiƙe ko ka ji warin mai to ita ce. Kafin ka samu sabuwa ka toshe bakin tiyon ta ɓangaren kafireto da na famfon duka, ka yi tafiya a PRI, amma fa PRI a buɗe yake ko mashin a kashe, kar ka kwana a haka sai ka matse tiyon mai. Kuma ka buɗe murfin baƙin mai ka shinshina, in yana warin fetur ko ya haura alama a juye shi kafin ka kama hanyar Zindar.