Shin biyan bot ya kaɗa wa rubutuna ƙuri'a a Steemit yana da riba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou nan Damagaram, ina zaune a unguwar Birni. Wata huɗu ke nan ina rubutu a Steemit, dandalin intanet da ke biyan marubuta gwargwadon ƙuri'un da aka kaɗa wa rubutunsu, kusan kullum, amma abin da nake samu bai ko kai kuɗin forfen da nake saye ba. Wani abokina a fadarmu ya ce in daina wahalar da kaina, in tura wa bot kuɗi ya kaɗa mini babbar ƙuri'a, wai ya san wanda ya zuba jika biyar ya kwashi goma. Ina da jika goma da na tara. In zuba ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka bar jika goman nan inda suke. Amma ba na son ka bari don kawai na ce ka bari, gara ka ga lissafin da idonka, don in abokin naka ya sake tayar da maganar wurin shayi ka san abin da za ka ce masa.

Mu fara da inda kuɗin ke fitowa, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wanda ya kaɗa maka ƙuri'a a Steemit ba daga aljihunsa yake ba ka ko sisi ba. Tsarin Steem, wanda Steemit ke gudana a kansa, kuma Ned Scott da Dan Larimer suka kafa a 2016, yana ƙirƙiro sababbin sulallan intanet masu suna STEEM kullum ya zuba su a tukunya ɗaya ta kowa da kowa. Ƙuri'a ita ce ludayin da ake rabon da shi, kuma girman ludayin kowa gwargwadon Steem Power ɗinsa ne, wato STEEM ɗin da ya kulle a asusunsa. Cikakkiyar ƙuri'a tana cin kashi 2 cikin 100 na ƙarfin mai ita, ƙarfin kuma yana dawowa kashi 20 cikin 100 a kowace rana. Ke nan babban asusu yana da cikakkun ƙuri'u goma a yini, ɗaya duk bayan awa biyu da minti 24. Abin da ake ce wa bot ba kome ba ne illa irin wannan babban asusu da aka haɗa da manhaja tana sayar da ƙuri'un nan goma a gwanjo. Ka tura kuɗi tare da adireshin rubutunka, wasu ma su tura, in zagayen ya cika sai ta raba ƙuri'ar tsakaninku, kowa daidai da abin da ya zuba.

To ga misali da kuɗinmu na sefa. A ce ƙuri'ar bot ɗin ta kai jika 100. Masu tayi sun tara jika 40, goma daga ciki naka ne. Rabonka kashi ɗaya cikin huɗu, wato za ka ga jika 25 sun hau ƙarƙashin rubutunka. Nan ne ido ke rufewa, mutum ya ce ya ninka kuɗinsa har da ɗoriya. Amma lambar da ke ƙarƙashin rubutu ba ta marubuci ce duka ba. Tun gyaran tsari na watan Agusta 2019, rabi ne kawai na marubuci, ɗaya rabin na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ne. Naka ke nan 12,500. Har yanzu da sauran riba, 2,500. Sai dai gwanjon a buɗe yake, kowa na kallon abin da kake kallo. Ana saura minti biyu a rufe, wasu suka antayo jika 20, jimla ta koma 60. Rabonka ya faɗo kashi ɗaya cikin shida, kusan 16,600, rabinsa 8,300. Ka zuba goma, ka tashi da takwas da ƴan kai, kuma ba ka da hanyar janye tayinka. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: da zarar kuɗin masu tayi sun haura rabin darajar ƙuri'ar, duk wanda ke cikin zagayen ya faɗi. Kuma tunda kowa riba yake farauta, duk zagayen da ya nuna alamar riba sai an cika shi har ribar ta ƙare.

Ni da kaina na ɗanɗana, lokacin ma da kason marubuci yake 75 cikin 100. A bazarar 2018 ne, muna zaune a fada a Sabon Gari, an ɗauke kuran, wayata na kashi 9, ana zuba shayi na biyu. Na ƙura wa agogon zagayen ido yana sauka, lissafin na nuna riba, na tura abin da na tara na mako uku. Kafin in ajiye kofin, manyan tayi biyu sun shigo, ribar ta juye ta koma ja. Abin da ya fi ci mini rai ba asarar ba ce. Rubutun nan na kwana biyu ina yin sa, a kan dukawan garin nan da yadda suke rina fata, ya tara lamba mai kyau, amma da na duba waɗanda suka yi magana a ƙarƙashinsa, babu mutum ko ɗaya sai saƙon bot ɗin yana sanar da cewa ya kaɗa mini ƙuri'ar da na saya. Daga ranar na buɗe ɗan littafi ina rubuta abin da ya fita da abin da ya dawo, kuma littafin ne ya raba ni da harkar.

Ko da zagayen ya ƙare kana kan riba, ba ka tsira ba tukuna. Ba a biyan rubutu sai ya cika kwana bakwai, kuma cikin kwanakin nan lambar tana hawa tana sauka da farashin STEEM da kuma yawan masu ɗiba daga tukunyar. Sulallan nan ba su da tabbas: a Janairun 2018 STEEM ɗaya ya haura dalar Amurka 8, kafin ƙarshen shekarar ya koma ƙasa da rabin dala ɗaya. Ribar kashi goma ba ta jure irin wannan girgiza ta mako guda. Sannan in an biya ka, rabin kasonka ne kawai ke zuwa a sake, sauran rabin Steem Power ne a kulle, wanda sai ka yi mako huɗu kana warware shi kaɗan-kaɗan a Steem, a Hive kuwa, dandalin da ya ɓalle daga Steem, mako 13. Kai kuma kuɗi tsaba ka biya, nan take.

Akwai kuma abin da mu na nan muke biya wanda na wasu ƙasashe ba sa ji sosai. Jika gomanka ba za su tafi wurin bot a matsayin sefa ba. Sai ka nemi mai sayar maka da USDT, sulallan intanet da ke bin darajar dalar Amurka, ka canza zuwa STEEM a kasuwa irin Binance, ka tura asusunka. In za ka dawo da su sai ka sake bin hanyar a juye, har ka sami wanda zai turo maka ta Airtel Money ko NITA. Kowace gaɓa da ɗan abin da take yanka, kuma a kan ƙaramin kuɗi yankan ya fi zafi. Ribar 2,500 ɗin can da muka lissafa a zagaye mai kyau, wani lokaci a hanyar nan kaɗai take narkewa.

Wanda ba ya faɗuwa shi ne mai bot da masu ba shi aron Steem Power. Ya karɓi kuɗinka a hannu tun ranar farko, bayan kwana bakwai kuma ya sake karɓar kaso mai tsoka daga rabin nan na masu kaɗa ƙuri'a, a kan rubutun naka. Faɗuwar farashi da jiran mako guda duk a wuyanka suke.

Labarin wanda ya zuba biyar ya kwashi goma kuwa, ba lallai ƙarya ba ce, amma tsohon labari ne. A ƙarshen 2017 SBD, sulalla na biyu na Steem da ake biyan marubuta da shi, wanda aka tsara ya tsaya kusan dalar Amurka ɗaya, ya yi tashin gwauron zabi ya haura dala goma a kasuwa, alhali tsarin yana ci gaba da lissafa shi a dala ɗaya wajen biya. Waɗanda suka shiga da wuri sun sha romo, gaskiya ne. Wannan kasuwa ta watse tuni. Gyaran 2019 da ya rage kason marubuci shi ne kuma ya ba kowane asusu ƙuri'un ragi na kyauta, wato masu rage ladan rubutu, daidai da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa. Nan take manyan asusu suka shiga bin rubuce-rubucen da aka saya wa ƙuri'a suna zaftare musu lada. In hakan ta same ka, bot ba ya mayar da kuɗi. A Hive, wadda ta ɓalle ranar 20 ga Maris 2020 bayan Justin Sun, mai tsarin sulallan intanet na Tron, ya sayi kamfanin Steemit, sayen ƙuri'a a fili abin kunya ne da ke jawo wa mutum ragi. Kuma ni ina ganin suna da hujja. Tukunyar ta kowa ce. Duk abin da kuɗi ya janyo wa rubutun da ba wanda ya karanta, an rage shi ne daga rabon wani irinka da ya kwana yana rubutu.

Za ka ji kuma ana tallar wani salo a Steemit na yanzu: ka ba wani asusu aron Steem Power ɗinka, shi kuma ya riƙa kaɗa maka ƙuri'a sau ɗaya a rana. Wannan ya fi gwanjo sauƙin haɗari, don dukiyar tana nan da sunanka, in ka janye aron tana dawowa bayan kwana biyar. Amma na masu jari ne. Ƙuri'ar da za ka samu daidai take da abin da ka bayar, jika goma kuwa ba za su sayo abin kirki ba. Sannan yana mayar da mutum mai jefa kowane irin rubutu kullum don kada ƙuri'ar ranar ta wuce shi. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi mabuɗin asusunka, musamman babbar kalmar sirri ko mabuɗin da ake tura kuɗi da shi, ka guje shi. A bulokcen, wato kundin intanet da irin wannan tsari ke rubuta ciniki a cikinsa, in kuɗi sun fita sun fita ke nan, babu ofishin da za ka kai kuka.

Wuri ɗaya ne nake ganin biyan bot yana da ma'ana: in kana da hajar da kake son a gani, ka ɗauki kuɗin a matsayin kuɗin talla, kamar wanda ya kai sanarwa gidan rediyo, ba ya jiran su dawo. Ko nan ma ka sani cewa tsofaffin masu karatu sukan duba jerin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a, in suka ga bot ne a sama sai su wuce.

Da ni ne kai, jika goman nan forfe zan saya da su, in fita da waya. Kana zaune a Birni, ƙanena. Gidajen ƙasa masu zane a bango suna ƙofar gidanku, ga fadar Sarkin Damagaram, ga duwatsun da garin ya zauna a kansu, ga Kasuwar Dole ranar Alhamis, ga hawan sallah. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai, kuma mafi yawan masu karatu a dandalin ba su taɓa ganin hotonsa ba. Masu tantance rubutu, irin asusun steemcurator01 a Steemit ko OCD da Curangel a Hive, abin da suke nema ke nan: hoton da kai ka ɗauka, labarin da ba a kwafo ba, daga wurin da ba kowa ke rubutu a kansa ba. Ka rage yawa, rubutu biyu ko uku masu kyau a mako sun fi bakwai na gaggawa. Ka yi da Hausa ka ɗora fassarar Faransanci ko Turanci a ƙasa don su iya karantawa. Ka shiga zaure ɗaya ko biyu na marubuta a dandalin ka zauna, kana karanta na wasu kana yi musu magana mai ma'ana har su san sunanka. Ɗan abin da ka samu kuma ka riƙa mayar da wani kaso Steem Power, don masu tantancewar Steemit suna duba wannan. Ba zan ce maka zai biya kuɗin makaranta ba, amma zai iya rufe kuɗin forfe, kuma ba ka sa tarinka cikin haɗari ba.

In kuma zuciyarka ta ƙi kwanciya sai ka gwada, to gwada da jika ɗaya tak. Rubuta ranar, da abin da ka biya har da kuɗin canji, da farashin STEEM a lokacin. Rana ta takwas ka rubuta abin da ya shigo a sake da wanda ya shigo a kulle, ka lissafa nawa zai zama in ya iso wayarka a sefa, sannan ka kai wa abokin naka takardar ku duba tare.