Ga 'yar'uwar da ke son komawa jami'a a shekara 38

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce shekarunki 38, 'ya'ya huɗu, kina da NCE, kina son karanta fannin ba da shawara ki buɗe wurin taimakon masu damuwa, amma kina tsoron lokaci ya ƙure. Ni ina da 41 na koma, bari in ba ki nawa labarin.

Da NCE ɗinki ba sai kin zauna UTME ba. Fom ɗin Direct Entry na JAMB za ki saya, a ɗauke ki aji biyu. In zuwa kullum zai yi wuya, ki duba NOUN, jami'ar karatu daga gida.

Ranar da na fara shiga aji yara suka yi tsit, sun zaci malama ce. Wata da na koyar a firamare har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni, ga shi benci ɗaya za mu zauna. Kafin wata guda kunya ta gudu, kowa "Mama" yake ce min. Kwas ɗin ƙididdiga ne ya kayar da ni, sai da na maimaita. Yarinyar nan ita ta zaunar da ni ta koya min, ni kuma ina kawo mata dambu a kula.

To, batun sana'ar, nan nake so ki natsu. Na yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na kama shago, na sa allo mai ɗauke da kalmar "taɓin hankali". Wata biyu ko ƙuda bai leƙo ba. Wa zai yarda maƙwabta su gan shi yana shiga? Da na sauke allon, na koma ɗaki ta cikin lungu, na rubuta "shawara kan damuwa da zamantakewa", sai mata suka fara zuwa, yawanci da niƙabi. Kuma mutanenmu ba su saba biyan kuɗin magana ba. Ki yi awa biyu da mace tana kuka, ta tashi ta ce Allah ya saka da alheri. Makarantun kuɗi da nake zuwa ganin ɗalibansu su suka riƙe ni.

Sannan ki san iyakarki: ke ba likita ba ce, ba kya rubuta magani. An taɓa kawo min maijego, kwana biyar ba barci, tana cewa jaririn ba nata ba ne. Dangi sun ce iska ce, an yi ta ruƙiyya. Ban yi musu da su ba, na ce a ci gaba da addu'a, amma yau ɗin nan a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano. Irin wannan, da mai maganar kashe kansa, da yaron da tiramadol ya ci ƙarfinsa, tura su asibiti ake yi. Na Kaduna suna da na Barnawa, na Sakkwato suna da na Kware. Ki kuma karanta dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, musamman abin da ta ce kan haƙƙin majiyyaci.

Sirri kuwa, ko maigida ba na ba shi labarin waɗanda suka zo. Ya yi mita har ya gaji.

Kada ki ajiye aikin koyarwarki tukuna. Ni sai da wurin ya shekara biyu kafin ya iya biyan hayarsa.