Ga ɗan'uwan da ciwon ƙwauri ya tsayar: kada ka daure, kada kuma ka bar gudun

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tambayarka ta sosa min rai, domin ciwon da ka kwatanta na san shi a jikina, kuma da yawa a cikinmu nan sun san shi. Ka ce mako uku ke nan da fara gudu, kilomita 5 kullum ba fashi, yanzu gefen ƙwaurinka na ciki yana zogi, gwiwa ma ta fara yi maka magana, abokin da kuke fita tare ya ce ka daure zai wuce, kai kuma kana tunanin ka haƙura gaba ɗaya ka koma keke. To, kada ka daure, kada kuma ka haƙura. Ka dakata da gudun, ka hau keken bisa sharaɗi, daga baya ka dawo.

Bari in fara da abokin nan naka, don maganarsa ce ta fi ɓata min rai. Irinsu suna ko'ina. Mutum ya shekara da shekaru yana gudu, ƙashinsa ya riga ya yi ƙwari, ya manta yadda farko yake, sai ya jawo sabon shiga ya sa shi a gaba da irin saurinsa. Kai kana haki kamar ranka zai fita, shi yana waigowa yana cewa ka ƙara wuta. Ranar da ka ce ƙafa na ciwo sai ya ce ragwanci ne, ciwo ai alamar jiki na karɓa ne. Wallahi wannan magana ta zaunar da mutane da yawa. Kuma abin takaicin, ranar da ciwon ya kwantar da kai ba ya nan. Ba shi ne zai sauko da ƙafa daga gado da asuba ya ji kamar an soka masa ƙusa a ƙashi ba. Ba shi ne zai riƙa dafa bango yana sauka daga bene mataki ɗai-ɗai ba, ko ya tsaya bakin hanya yana kallon waɗanda suka fara tare suna wucewa. Wannan lokacin ne ya fi zafi, ba ciwon kansa ba. Mutum ya yi niyya, ya sayi takalmi, ya saba wa kansa tashin asuba, ya fara jin jikinsa ya yi sakayau, sai ga shi ko tafiya da ƙyar. Daga nan zuciya ta fara raya masa cewa shi ba a halicce shi don gudu ba, ko shekaru sun ja, ko nauyi ya yi yawa. In ya gaya wa wanda ya ja shi cikin wannan hali, sai a ce ai dama ba ka da juriya. Ban ce ka yi faɗa da shi ba, wataƙila alheri yake nufi. Amma ka daina bin takunsa, kuma a kan maganar ciwo ka daina sauraronsa.

Ga abin da ya faru da ƙafarka. Zuciya da huhu suna sabawa da wuri, cikin 'yan makonni ka ji numfashi ya daidaita. Ƙashi da jijiyoyi su kuwa watanni suke buƙata. Duk takun da ka yi a guje, ƙafar tana ɗaukar ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinka. Mai kilo 80 ke nan yana sauke mata kilo 160 zuwa 240. A kilomita 5 sabon mai gudu yana yin taku wajen 5,000 ko fiye, kai kuma ka tashi daga babu ka koma kilomita 35 a mako. Ƙashi yana ƙara ƙarfi ne a ranar hutu, lokacin da jiki ke gyara 'yar ɓarnar da gudu ya yi. Kai ba ka ba shi ko kwana ɗaya ba.

Yanzu ka zauna ka miƙe ƙafar, ka bi gefen ƙashin na ciki da yatsa kana dannawa, daga saman idon sawu zuwa sama. Idan zafin ya bazu, ya kai tsawon santimita 5 ko fiye, kuma yana lafawa in ka huta, mafi yawa wannan shi ne ciwon ƙwaurin da aka saba gani, hutun mako 2 zuwa 6 yakan warkar da shi. Amma idan wuri ɗaya ne tak da kan yatsa zai rufe, ko yana maka zogi da dare kana kwance, ko ka kasa yin tsalle da ƙafa ɗaya, ko wurin ya kumbura, to don Allah ka je asibiti, ana tsoron tsagewar ƙashi. Ka kuma sani hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewar a mako biyu zuwa uku na farko, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI ce ke kama ta da wuri. Saboda haka in an ce hoto bai nuna komai ba alhali ciwon na nan, ka koma wurin likita, kada ka koma titi. Tsagewa takan ci mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye.

Kada ka rikita wannan da tsamin jiki. Tsami a nama yake, yakan kama ƙafafu biyun, ya fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan motsa jiki, sannan ya tafi da kansa. Wanda ke kan ƙashi ko cikin gaɓa, wanda ke sa ka ɗingishi, shi ne ba a wasa da shi.

Sai maganar ƙwaya. Na san wani zai ce ka sha ibuprofen ko diclofenac kafin ka fita. Kada ka yarda. Za su rufe maka ciwon ka ci gaba da ɓarna ba ka sani ba, kuma in suka haɗu da zufa da ƙarancin ruwa a jiki suna wahalar da ƙoda. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, za ta rage zafin, amma hutu ne maganin.

To keke. Keke alheri ne gare ka yanzu, domin zai riƙe maka numfashin da ka tara ba tare da dukan ƙasa ba, muddin tuƙin ba ya tayar da ciwon. Sai dai ka ce gwiwa ta fara magana, kuma keken da ba a saita ba shi ma yana lalata gwiwa. Kusan duk sabon mahayi sirdinsa ya yi ƙasa, saboda yana so ƙafafunsa su taɓa ƙasa yana zaune. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora diddige a kan feda, ka juya ta zuwa can ƙasa. A nan ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan ka mayar da faffaɗan wurin da ke bayan yatsu kan fedar, wanda da shi ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, digiri 25 zuwa 35. Haka ake so. In kana son lissafi, akwai wanda ake jingina wa Greg LeMond, ɗan Amurkan da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: ka tsaya ba takalmi, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka har sama, ka auna daga ƙasa zuwa bakin littafin, ka ninka da 0.883. Idan ka samu santimita 82, amsar 72.4 ce, kuma ana auna ta daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kai zuwa saman sirdi. Mafari ne kawai, jikinka ne zai ƙarasa gaya maka. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa. Ciwo a bayan gwiwa, ko ƙugu na rangaji hagu da dama, ya yi sama. Ka riƙa gyarawa da milimita 3 zuwa 5, ka manna salatif a sandar sirdin don ka san inda ka tsaya, kuma kada ka zaro sandar ta wuce layin iyaka da aka zana a jikinta.

Giya kuma, mutane suna ganin mai nauyi ita ce motsa jiki. Ita ce ke cin gwiwa. Ka sa mai sauƙi ƙafa ta riƙa juyawa 80 zuwa 90 a minti. Ƙirga gwiwar dama sau nawa ta ɗago cikin daƙiƙa 15, ka ninka da 4. Ka sauya giya kafin ka shiga hawa, ba sai ka maƙale a tsakiya kana danna feda da ƙarfi ba, a nan ne sarƙa ke tsalle ko ta tsinke. A makonnin nan ka guji tuƙi a tsaye. Fara da minti 30 zuwa 40, sau uku a mako. Mazaunai za su yi ciwo a fitowar farko, wannan yana wucewa. Amma in gabanka yana mutuwa ko yatsun hannu suna dindiris, saitin ne ba daidai ba: ka duba hancin sirdi ya kwanta daidai, kada ya ɗaga sama, ka kuma saki gwiwar hannu kada ka ƙame.

Tunda na shiga maganar keke, iskar taya a jikin tayar aka rubuta iyakarta, ka duba kafin kowace fita. In iska ta yi ƙasa ka daki rami, ƙarfen wili zai matse tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna. Idan ka yi faci, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali kafin ka mayar, ƙayar ko gilashin na nan a maƙale, in ba haka ba za ka sake zama bakin hanya. Sarƙa ɗigo ɗaya na mai a kowace gaɓa ya isa, ka goge sauran da tsumma, don mai da yawa ƙura yake tarawa ta cinye haƙoran giya. Hular kwano kuwa ba na sassauci a kanta. Ta zauna daidai, yatsa biyu sama da gira, igiya a ɗaure. Masu mota ba sa ganinmu, ɗan'uwa, musamman da duku-duku, kuma wasunsu sun gani ma ba su damu ba, su matse ka har gefen kwalta kamar kai ba rai ba ne. Fitila fara a gaba, ja a baya, riga mai haske. A keke ka bi hannun da motoci ke bi. A ƙafa, inda babu hanyar masu tafiya, ka fuskanci motocin da ke tahowa.

Akwai tarkon da ke jiran ka bayan nan, shi ne na fi ji maka tsoro. Wata ɗaya a kan keke, numfashinka zai fi na da, za ka ji kamar ka iya kilomita 10. Amma keke ba ya horar da ƙashi ya jure duka, ƙwaurin na nan yadda ka bar shi. Kada ka koma gudu sai ka iya tafiya da sauri ta minti 30 ba ciwo, ka yi tsalle goma da ƙafa ɗaya ba ciwo, washegari ma shiru. Sannan ka fara kamar wanda bai taɓa yi ba. Tsarin koyon gudu na sabon shiga mai suna Couch to 5K, wanda Josh Clark ya fito da shi a 1996 kuma hukumar lafiya ta Birtaniya take amfani da shi, mako 9 ne, fita uku a mako da hutu a tsakani. Makon farko tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama, sai sassarfar daƙiƙa 60, tafiyar daƙiƙa 90, ana maimaitawa har minti 20. Mako na biyu sassarfa daƙiƙa 90, tafiya minti 2. A mako na tara ne ake kai gudun minti 30 a jere. Zai yi maka kamar wasan yara, ka bi shi a haka. In wani mako ya yi nauyi ka maimaita shi, babu abin kunya. Bayan ka gama, ƙarin da za ka yi a mako kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100, kuma kada ka haɗa ƙarin nisa da ƙarin sauri a mako guda.

Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya yin hira da cikakkiyar jimla. In kalma biyu kake fitarwa ka ja numfashi, ka rage. Ka gajarta taku, ƙafa ta sauka kusan ƙarƙashin jikinka, ba ka wurga ta gaba ka daki ƙasa da diddige gwiwa a miƙe ba. Ƙirga takunka a minti, ka ƙara kashi 5 cikin 100 kawai, nauyin da ke kan gwiwa zai ragu. Ka ɗan ƙaurace wa gangara da daɓen siminti a farko. Takalmi yakan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ko da samansa na nan kamar sabo, kuma a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin. Da yamma ake gwadawa, lokacin ƙafa ta ɗan buɗe.

Sau biyu a mako ka ƙarfafa ƙafa, da zarar ciwon ya lafa: ɗaga diddige a bakin mataki sau 15, zagaye uku, kana sauka a hankali, da zama da tashi daga kujera ba dafawa, da kwanciya rigingine kana ɗaga ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ka ga ke nan gudu uku da keke biyu, da kwana ɗaya ko biyu na cikakken hutu, sun ishe ka har da ragi. Ba wanda ya wajabta maka kullum.

Ruwa ma kada ka yi sake da shi. Auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa. Abu ɗaya kuma da ba a tattaunawa a kansa: nauyi ko zafi a ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice, a ƙafa kake ko a keke, ka tsaya nan take ka nemi likita. Idan kana da hawan jini ko ciwon sukari, ka sanar da likitanka tun kafin ka koma.

Ka yi gwajin yatsan nan yau, ka dawo ka gaya mana ko zafin a baje yake ko wuri ɗaya, kuma gwiwar gaba ne ke ciwo ko gefe ko baya. Ka haɗo da awon ƙafarka da tsayin sirdin da kake kai yanzu, sai mu duba saitin tare. Allah ya ba ka lafiya.